Littattafan da na zaɓa wa ɗan ƙanwata

A makon da ya gabata ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da kammala bautar ƙasa ba, ya same ni a rumfata da ke kasuwar Farin Gada ana tsakiyar lodin dankalin turawa zuwa Kano. Bayan mun gaisa ya ce: "Kawu, na lura aikin gwamnati ba zai samu nan kusa ba, ina so in fara sana'a da ɗan abin da na tara, don haka nake roƙon ka faɗa mini littattafan da suka dace in karanta." Na ce masa ya bari sai dare, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Da na koma gida na zauna gaban kantar littattafaina, cikin sanyin nan na Jos da ke sa mutum neman bargo tun kafin isha'i, sai na tarar zaɓen ya fi wuya fiye da yadda na zata, saboda da yawa daga cikin littattafan da suka burge ni ina saurayi yanzu ba zan iya miƙa su ga yaro ba tare da gargaɗi ba.

Wanda na fara ajiyewa gefe shi ne The Richest Man in Babylon na George S. Clason, wanda ya fito a 1926. Ƙaramin littafi ne da aka gina a kan hikayoyin mutanen tsohon birnin Babila, kuma ginshiƙinsa magana ɗaya ce: duk abin da ya shigo hannunka, ka ware kashi ɗaya cikin goma ka ajiye kafin ka biya kowa, sa'an nan ka sa ajiyar nan ta yi maka aiki. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, tunda iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa da asusu da adashi, amma littafin yana da wata hanya ta sa mutum ya ji kunyar kansa idan ya lissafa shekarun da ya yi yana samu ba tare da ya riƙe komai ba. Gargaɗina a kansa biyu ne. Na farko, yawancin hanyar da yake nunawa ta juya kuɗi ita ce ba da rance da ruwa, wadda Musulmi ba zai bi ba, sai dai ya nemi madadinta a haɗin jari, ko kiwo, ko takardun sukuk irin waɗanda gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Na biyu, an rubuta shi ne a ƙasar da darajar kuɗi ba ta narkewa irin tamu. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, ma'ana wanda ya ɓoye naira a ƙarƙashin katifa tun farkon shekara ya wayi gari a ƙarshenta da kuɗin da ba za su sayi abin da za su saya a da ba. Saboda haka na ce wa yaron ya ɗauki ɗabi'ar ware kashi ɗaya cikin goma, amma ya mayar da ita buhun masara a lokacin kaka ko tunkiya, ba takarda ba.

Na daɗe ina jujjuya Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, na 1997, kafin in yanke shawarar sa shi a ciki. Babu littafin kuɗi da matasanmu suka fi ambata kamarsa, kuma akwai abu guda da ya koyar da kyau, wato bambanci tsakanin dukiyar da ke kawo maka kuɗi da kayan da ke cin kuɗinka alhali kana ɗaukar su dukiya. Motar hawa da aka saya don a gan ka ranar biki tana cikin kashi na biyu, ita kuwa tsohuwar a-kori-kura da ke ɗauko kabeji daga ƙauye tana cikin na farko. Bayan wannan darasi, sauran littafin ya dogara ne a kan dokokin haraji da rancen gidaje na Amurka, waɗanda ba su da alaƙa da mai rumfa a kasuwar Katako, kuma yana da wata dabara ta raina aikin albashi da karatun boko wadda na ga ta ruɗi yara da dama. Na gaya masa ya karanta babobin farko da natsuwa, sauran kuma ya wuce su da sauri.

Littafin kasuwancin da ya fi taɓa rayuwata kuwa ba shi da irin wannan suna a wajenmu. Shi ne The E-Myth Revisited na Michael Gerber, na 1995, wanda ya yi bayanin dalilin da ya sa ƙananan sana'o'i suke mutuwa a hannun mutanen da suka ƙware a aikinsu. Hujjarsa ita ce iya aiki daban, iya tafiyar da kasuwancin wannan aikin daban. Tela na iya zama gwanin ɗinki a duk unguwa, amma ranar da ya buɗe shagon kansa sai ya tarar akwai lissafi, da biyan yara, da sayen kaya, da cika alkawarin sallah, kuma babu ɗaya daga cikinsu da keken ɗinki ya koya masa. Lokacin da na karanta shi na kusa shekara takwas a harkar dankali, kuma komai a kaina yake: ni ne mai zuwa Bokkos da Mangu in yi ciniki da manoma, ni ne mai tsayawa a kan awo, ni ne mai karɓar kuɗi, lissafin bashi kuma duk a ƙwaƙwalwata. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ni mako uku, da na tashi na tarar kaya sun ruɓe, masu bashi sun manta adadin da ake bin su, yarana kuwa ba su yi ha'inci ba, sai dai ban taɓa koya musu komai ba bayan ɗauka da saukewa. Daga nan na sayi babban littafin rubutu, na fara rubuta kowane buhu da ya shigo da wanda ya fita, na rubuta yadda ake tantance dankalin da zai jure tafiyar kwana biyu da wanda dole a sayar a nan, na kuma ba babban yarona ikon yanke farashi a cikin iyakar da muka yarda. Yau ina iya tafiya ta'aziyya Bauchi in kwana biyu rumfa ba ta tsaya ba.

Na haɗa masa da The Psychology of Money na Morgan Housel, na 2020, saboda labarin da ya buɗe da shi na wani Ba'amurke mai suna Ronald Read, wanda ya yi rayuwarsa yana aiki a gidan mai da kuma shara a kanti, ya rasu a 2014 ya bar kimanin dala miliyan 8 da ya tara ta hanyar sayen hannun jari kaɗan-kaɗan da haƙurin barinsu shekaru da yawa. Abin da littafin ke cewa shi ne hali ya fi wayo tasiri a harkar kuɗi, kuma duk wanda ya zauna a kasuwa ya ga masu kaifin ƙwaƙwalwa da gaggawa ta karya.

Game da littattafan ƙarfafa gwiwa, gaskiya ba na cikin masoyansu. Yawancinsu kamar shayin da aka cika wa sukari ne, suna ɗumama mutum na ɗan lokaci, zuwa hantsi yunwa ta dawo. Biyu kawai na yarda in ba shi. Atomic Habits na James Clear, na 2018, ya tsira a wajena ne domin bai tsaya a kan zuga ba, yana nuna yadda ake gina ɗabi'a da ƙananan matakai da kuma gyara muhalli, kamar ajiye littafin lissafi a kan teburin da kake ƙirga kuɗi ta yadda ba za ka rufe rumfa ba ka rubuta ba. Lissafinsa na cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 kullum yana ninka abu kusan sau 37 a shekara daidai ne a takarda, amma rayuwa ba ta tafiya haka, don haka na ɗauke shi misali kawai. Ɗayan kuwa, Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, bai ma kamata a jera shi da sauran ba. Marubucin likitan ƙwaƙwalwa ne Bayahude daga birnin Biyana, wanda 'yan Nazi suka tsare a sansanoninsu har da Auschwitz, ya rasa iyayensa da matarsa, ya fito ya wallafa littafin a 1946. Abin da ya lura da shi shi ne mutumin da yake da dalilin rayuwa yakan jure abin da ba a zaton ɗan Adam zai jure. Mu da muka ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan, muka ga waɗanda suka rasa gida da jari a yini ɗaya suka sake farawa da faranti, ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a kan wannan littafi.

Da ya zo karɓa washegari ya ga na ɗora littattafan hikaya a saman tulin, sai ya yi murmushi ya ce: "Kawu, ai waɗannan na 'yan makaranta ne, ni na kasuwanci na tambaya." Na ce masa ciniki da mutane ake yi, kuma ban san inda aka fi bayyana halin mutane kamar cikin labari ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, yawancinmu mun karanta shi ne don cin jarrabawa, muna dariyar aku da dabarunsa na hana ɗan sarki Musa fita. Wanda ya sake buɗe shi bayan ya shekara goma a kasuwa zai ga wani littafi daban, cike da mayaudara, da masu kwaɗayin da ke kai su ga asara, da waziri mai fuska biyu, da talakan da ya tsira saboda ya san lokacin magana da lokacin shiru. Duk waɗannan na yi ciniki da su a Farin Gada, sunayensu ne kawai suka bambanta. Ga kuma Hausar kanta, wadda ke koya wa mai karatu yadda ake jera magana har ta shiga, abin da duk mai sayarwa yake bukata. Na sa masa Ruwan Bagaja ma, wanda Imam ya rubuta don gasar rubuta littattafan hikaya da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933, ko don ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke rama wa juna tsiya.

Wanda na fi matsa masa a kai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne a Kano da ya wulaƙanta uwargidansa Rabi ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran, har ranar da gobara ta cinye shagonsa ya koma abin tausayi. Ana yawan karanta shi a matsayin labarin kishi da zaman aure, amma ni abin da na gani a ciki shi ne yadda mace marar jari take gina sana'a daga tukunya ɗaya, da yadda mai shago yake ɗaukar cinikin yau tamkar tabbacin gobe. Duk wanda yake Jos a 2002, lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone, ya san attajiran da suka kwana da dukiya suka tashi babu ko sisi, kuma ya san cewa a gidaje da yawa 'yar sana'ar matan da ake rainawa ce ta ciyar da iyali a watannin da suka biyo baya. Ƙarshen littafin bai yi mini daɗi ba, domin an matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyin wanda ya tozarta ta, amma ina zaton marubuciyar da gangan ta bar mana wannan ɗacin.

Daga cikin na Turanci na zaɓi Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen garin nan, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya ta dala 100,000 a 2016. Labarin wata bazawara ce mai shekara 55, Hajiya Binta, wadda rikicin Jos ya raba da garin, da alaƙar da ta shiga tsakaninta da wani matashi shugaban 'yan daba. Na faɗa masa tun da wuri cewa akwai wuraren da za su sa shi jin nauyi, kuma ba littafin da zai bari a falo ba ne. Na ba shi ne don ya ga yadda 'yan siyasa suke amfani da matasa marasa aikin yi su yar, domin a shekarunsa da halin da yake ciki irin wannan tayin ba ya da nisa da shi.

Akwai guda ɗaya da na nuna masa amma ban bari ya fita da shi ba, saboda da ƙyar na same shi: Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda aka buga a 1980, a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja daga 1700 zuwa 1900. A cikinsa ne na karanta yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya da jakuna, su sauka a gidan fatoma wanda ke ba su masauki, ya nemo musu masu saye, ya kuma tsaya musu a kan bashi. Daga irin wannan gida na Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. Tsarin da nake bi yau da dillalaina na Kano, inda nake tura mota cike da kaya a kan amana kuɗi su biyo baya, jikan wancan tsari ne, kuma babu littafin Amurka da ya yi mini bayaninsa.

Mun yi yarjejeniya cewa zai riƙa ɗaukar biyu-biyu, ɗaya na kasuwanci ɗaya na hikaya, kuma ba zan ba shi na gaba ba sai ya dawo da na hannunsa ya faɗa mini abu ɗaya da bai yarda da shi ba a ciki. Ya tafi da Gerber da Balaraba. Jiya da yamma ya aiko mini da saƙo cewa ya gama na Balaraba a dare biyu, na Gerber kuwa yana shafi na 40, kuma yana tambaya ko zan bar shi ya riƙa zama a rumfa ranar Asabar yana duba yadda muke rubuta lissafi.