Yadda hutun daɗewa a aiki ya kusa cinye mana kasafin makaranta

Ni dai da na fara aikin akanta a wata ƙaramar makarantar kuɗi a gefen Melbon, jihar Biktoriya ta Ostiraliya, ban ɗauki wannan hutun da wani muhimmanci ba. Lamba ce kawai nake gani a takardar lissafi ƙarshen shekara, masu odit su duba su ce to, mu wuce. Dokar jihar ta 2018 cewa ta yi duk wanda ya shekara 7 yana aiki wuri ɗaya ba yankewa yana da hutu na musamman da albashinsa cikakke, kashi ɗaya cikin 60 na tsawon zamansa, wajen sati 6 kenan a shekara 7. Mu kuma yarjejeniyar malamanmu ta fi haka, sati 13 ne in mutum ya cika shekara 10. Asalin abin ma tun zamanin mulkin mallaka ne, ana ba ma'aikatan gwamnati dogon hutu su hau jirgin ruwa su je Ingila ganin gida, shi ne ya zauna har yau.

Sai korona ta zo. 2020 da 2021 an rufe iyakoki, Melbon kulle kan kulle, wa zai ɗauki hutu ya zauna a falo? Ba wanda ya taɓa nasa, ni kuma har daɗi nake ji wai kuɗi ba sa fita, ashe bashi ne ke ƙara kiba. Ana buɗe hanya a 2022 malamai huɗu suka kawo takarda kusan lokaci ɗaya, uku daga ciki zango guda suke so, zangon sanyi, don su riski bazarar Turai, tunda sanyin Ostiraliya da bazarar Turai lokaci ɗaya suke zuwa.

Nan na gane kuskurena, kuma wallahi nawa ne ba na kowa ba. Kuɗin da muka rubuta a littafi cewa mun ware, a takarda kawai suke, ba wani asusu da suke kwance, an riga an sa su a gyaran rufin ɗakin taro. Sannan ana biyan hutun ne da albashin mutum na ranar da ya tafi, ba na shekarun da ya tara shi ba, malamar da ta fara a matakin ƙasa yanzu tana ƙololuwa, duk satin da ta tara tun tana sabuwa da farashin yau za a biya shi, ga kuɗin fansho a kai. Babban ciwon kuma aji ba ya zama ba malami. Ma'aikacin ofis in ya tafi sai a rarraba aikinsa a lallaɓa, amma 'yan aji uku ba za ka ce su jira wata uku ba, dole ka ɗauko wani, kenan albashi biyu kan kujera ɗaya, a shekarar da malaman ma wahalar samu suke.

Har na kawo shawara wai mu ba biyu daga cikinsu kuɗi a hannu su haƙura da tafiyar, firinsifal ta kalle ni ta ce kar in sake maimaitawa a wajen ofis ɗin nan. A Biktoriya laifi ne a musanya hutun da kuɗi matuƙar mutum yana bakin aiki, sai in barin aikin zai yi. Na ji kunya ba kaɗan ba.

Da lallashi muka fita, ɗaya ya yarda ya ɗaga nasa zuwa zango na huɗu, ɗaya ta raba nata gida biyu, sauran muka biya muka jinkirta sayen kwamfutoci.

Abinda nake yi yanzu ba wata dabara ba ce mai zurfi. Duk ranar albashi ina cire kason hutun kowa, har da ƙarin fansho da ɗan abinda zai rufe ƙarin albashi, in tura wani asusu daban wanda sai da sa hannun mutum biyu ake taɓa shi. Tun mutum na shekara ta 4 nake fara lissafa shi sosai ba na jiran ta 7, saboda malamanmu ba su cika tashi ba. Kuɗin malamin riƙo kuma layinsa daban a kasafi, na daina ɓoye shi cikin albashi. Duk watan Agusta muna tambayar kowa wa ke da niyyar tafiya baɗi, ba tilas ba ne amma yawanci suna faɗa. Doka ta ba makaranta damar ta umarci mutum ya tafi hutun in ta ba shi sanarwar sati 12 a rubuce, sau ɗaya muka yi hakan, ga wani dattijo mai koyar da lissafi da ya tara sama da wata biyar ya ƙi motsi, sati biyu bai yi mini magana ba, ya dawo kuma da hotunan kamun kifi yana nuna wa kowa a ɗakin malamai.

Nawa hutun saura shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma na riga na rubuta sunana a jerin baɗin waccan, da kuɗin wanda zai riƙe min kujera.