Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Suna Linzami

Jama'a sai haƙuri, satin da ya wuce na ce yau labarin auren Yaya Babba ne, to wallahi wani abu ya tsaya min a rai, auren ya ɗan jira.

Inna, Allah ya jiƙanta, kullum maganarta suna linzami ne. Ni Tanko ne, bayan mata huɗu aka haife ni, amma ranar da Kawu ya kai ni firamare malamin ya ce wai Tanko ba suna ba ne, ya rubuta na yanka ya liƙa min sunan garinmu a baya, Kawu yana tsaye ko uffan bai ce ba. Har yau babu Tanko a takarduna.

Shekarun Zariya ku bar su kawai. A Faransa ne ina karatu wani abokina ɗan Meziko ya buɗe min wani kundi a kwamfuta, ƙidayar masu biyan haraji ce ta wani gari a Meziko mai suna Huexotzinco ta 1560, kusan shekara 40 bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, babban birnin daular Aztec, a 1521, asalin kundin ma yana babban laburaren ƙasa a Paris. Kawunan mutane ne jere shafi bayan shafi, an rubuta sunan coci da boko, su Juan su Pedro, amma sunan gida na yaren Nawatil ba a yar da shi ba, har zana shi aka yi kusa da kan mutum, mai sunan mikiya ga mikiya, mai sunan zomo ga zomonsa. Sarakunan Tenochtitlan ma haka a wasu kundayen, Itzcoatl maciji ne da tsinin baƙin dutse a gadon baya, Chimalpopoca garkuwa tana hayaƙi, an ja siririn layi daga hoton zuwa mai sunan. Na ce a raina to ga linzamin Inna nan.

Wanda ya ba ni dariya shi ne Mendoza, wakilin sarkin Sifaniya, sunansa ba ya nufin komai a yarensu, sai masu zanen suka haɗa shukar metl da wani ɓeran rami da suke kira tozan, a karanta me-toza. Baƙo ma sun nema masa hanya, ni ɗan gida an hana ni nawa.

Da na dawo na nuna wa Kawu hotunan, ya ce au, duk kuɗin nan zanen yara ka je kallo? Shi ɗin dai da ya yi shiru gaban malam. Ban tanka ba saboda Inna tana zaune a tabarma, ita ce ma ta karɓi wayar ta ce Tanko nuna min mai zomon nan.