Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lambun Buhu a Aboabo

A makon jiya na tsaya inda na rasa shagon ɗinkina na unguwar Asawase a birnin Kumasi na Ghana, na dawo gida a unguwar Aboabo da keken ɗinki ɗaya da yara uku. Abin da ya fara ladabtar da ni kuwa kuɗin cefane ne. Da rani, yawancin tumatirin kasuwar Kejetia daga Burkina Faso ake kawo shi, albasa daga Nijar ko Bawku, in kuɗin mota ya tashi tukunyata ce take fara ji. Wata rana na dawo da tumatir huɗu a leda, ɗaya ma ya fara ruɓewa, na zauna bakin ƙofa ina ta ƙunƙuni.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Mma, tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Amarya, mita ba ta miya.” Shekarata goma sha biyu a gidan, amma har gobe Amarya nake a bakinta. Sai ta ɗauko zancen zamanin shugaban mulkin soja Acheampong, a 1972, da gwamnati ta ce kowa ya ciyar da kansa, har ma'aikatan ofis da 'yan makaranta suka kama fartanya. Daga nan ta gangaro 1983, shekarar fari da gobarar daji, ga mutane wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Ta shafa wuyanta ta ce ƙashin nan da ke fitowa in an rame, “sarƙar Rawlings” ake ce masa, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Su dai ganyen bayan ɗaki ne ya riƙe su.

Na ce, “Mma, ina bayan ɗakin yake yanzu?” Gidan haya ne, tsakar gida duk siminti. Wai Kumasi ake wa kirari da birnin lambu, amma a layinmu ko tsiron ciyawa sai a bakin kwata.

Ta ce, “Buhu fa?”

Haka na tara buhunan shinkafa shida da tsofaffin jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, na sa babban ɗana ya tsaga su biyu. Shukar farko asara ce, kuma laifina ne. Ɗanyen kashin kaji na zuba don ɗoki, ya ƙone tsiron ƙurmus. Jarkokin kuma ban huda gindinsu ba, ruwan Yuni ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Mma tana kallo ba ta ce uffan ba sai da na gama kuka.

A nan aka fara koyon gaske. Muka sami tsohuwar randa mai tsaga, muna zuba ɓawon doya da na ayaba, ragowar ganye, tokar murhu kaɗan, da dusar katako da wani maƙwabci kafinta ke ba mu. Kashin kajin ma ciki ya shiga, ya huce tukuna. Duk Juma'a in juya da sanda. Ban da nama, ban da miya mai mai, in ba haka ba ɓeraye za su yi biki. Bayan kamar wata biyu abin ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Na daɗe tsugunne ina murza shi a hannu. Wannan fa sharar da nake biyan kuɗi a kwashe ce, ko kuma, in faɗi gaskiya, wani lokaci in faki ido in watsa a kwata da dare.

Ledojin fiya wata da ke toshe rafin Aboabo har ruwa ya shigo wa mutane ɗaki, su na mayar wurin renon iri. Ban ruwa kuma da ruwan wankin shinkafa da na alwala, wanda muke tarawa a bokiti. Da ƙwari suka taso wa ganyen, Mma ta hana ni sayen maganin feshi. Ganyen darbejiya muka daka, ya kwana a ruwa, na tace na yayyafa da yamma.

Alefu, wato alayyafo, ne ya fara fitar da ni kunya, cikin wata guda na yanka. Ayoyo ya biyo, sai kuɓewa da barkono. Tumatirin da ya jawo duk wannan aiki kuwa ya ƙi ni, damshin daminar Kumasi ya sa ganyensa ya yi tabo ya bushe. Mai farawa ya rabu da shi tukuna.

Ran da na yi tuwon zafi da ayoyon buhuna, Mma ta ƙara loma har sau biyu, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Muna cikin ci aka yi sallama. Mai gidan hayarmu ne, ya tsaya yana ƙirga buhunan da sandarsa, ya ce mijina ya same shi bayan la'asar. Yadda suka kwashe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.