Daga Stockholm Zuwa Kiruna da Tsohuwar Mota a Tsakiyar Hunturu

A watan Fabrairu ne ni da yayana muka ɗaura niyyar bin hanyar mota daga Stockholm, babban birnin Suwidin, har zuwa Kiruna da ke can ƙuryar arewa, tafiyar da ta haura kilomita 1,200, wadda kuma ɓangarenta na ƙarshe kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa. Motar tasa ce, ƙirar 2003, mai shan fetur, mai giya otomatik, tayoyin gaba ne ke janta, kuma ta riga ta ci sama da kilomita 300,000. Duk wanda ya ji labarin sai ya ba mu shawarar mu hau jirgin ƙasa na dare da ke bin wannan yanki, mu bar tsohuwa ta huta. Yaya bai yi musu da kowa ba, sai dai ya ce shekarun mota ba su ne ke ajiye mutum a daji ba, abin da aka ƙi dubawa ne, don haka kafin mu sa rana sai motar ta fara kwana a gareji.

Da taya aka fara. Dokar Suwidin ta wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin akwai ƙanƙara ko santsi a hanya, kuma zurfin zanen tayar bai kamata ya gaza milimita 3 ba, alhali a lokacin zafi milimita 1.6 ya wadatar. Dalilin bambancin yana cikin robar kanta: robar tayar lokacin zafi tana fara ƙandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7, sai ta daina kama titi, ita kuwa ta hunturu tana nan da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage da aka yi mata masu yawa waɗanda ke cizon dusar ƙanƙara. Tayoyin da ke kan motar zanensu bai suɗe ba, ido zai ce lafiyarsu lau, amma bakaniken ya durƙusa ya nuna mana lambobi huɗu da ke gefen kowacce taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin sun doshi shekara goma. Ya soka farcensa a jikin ɗaya bai shiga ba, sa'an nan ya ɗauko sabuwa ya sa ni na taɓa, na ji yatsana yana nutsewa. Taya takan tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma wannan shi ne tarkon da masu tsofaffin motoci da ba sa yawan tafiya suka fi faɗawa.

Mun daɗe muna shawara tsakanin taya mai ƙusoshi da marar ƙusoshi. Mai ƙusoshi ta fi kama daskararriyar ƙanƙara mai sulɓi, amma tana da ƙara, tana cin kwalta tana tayar da ƙura, shi ya sa aka ƙayyade mata lokaci daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, aka kuma hana ta bin titin Hornsgatan na Stockholm tun 2010, a Jamus kuwa ba a yarda da ita ba sam. Tun da arewa muka nufa, masu ƙusoshi muka ɗauka, guda huɗu iri ɗaya, domin ba a gauraya su da marasa ƙusoshi a mota guda. An gargaɗe mu da mu bi su a hankali a ɗaruruwan kilomitoci na farko, ba fizga ba birkin gaggawa, har ƙusoshin su zauna daram a mazauninsu.

Ni a nawa tunanin an gama, amma da aka ɗaga motar sama sai bakaniken ya haska fitila ƙarƙashinta ya kira mu. Shokazoba ta baya ta hagu ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata ta yi baƙi ƙirin, alamar cewa man da ke cikinta ya daɗe yana tsiyaya. Ya sa ƙarfe ya banƙari hannun da ke riƙe da tayar gaba, sai ga robar bushin ta tsage tana motsi, ga kuma sifirin ɗin da ke gefensa tsatsa ta ci ƙasansa, aikin gishirin da ake watsawa a tituna duk hunturu. A nan ne na fahimci abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan tafiya. Taya ba ta iya yin komai sai tana manne da ƙasa, kuma aikin shokazoba shi ne ta danne ta a kan titi bayan kowane gargada. Idan shokazoba ta mutu, tayar takan riƙa tsalle-tsallen da direba ba ya gani, a duk ɗan lokacin da take sama kuwa babu birki babu sitiyari. Wanda ya sayi tayoyi masu tsada ya ɗora su a kan matacciyar shokazoba ya biya kuɗin tsaron da ba zai samu ba. An canza na baya duka biyun, domin ba a canza ɗaya a bar ɗaya, aka canza sifirin na gaba da bushin, sa'an nan aka yi alaimen, don duk wanda ya kwance ƙafar mota ya ɗaura bai saita ta ba, sabuwar taya zai cinye ta gefe guda.

Batun giya shi ya fi ɗaukar hankalin Yaya. Takardar motar ta ce man giyar na har abada ne, ba ya bukatar canji, ni kuwa ban taɓa gamsuwa da wannan magana ba, domin mai da ke shan zafi da gugar faifan kuloci shekara ashirin ba zai zauna yadda aka zuba shi ba. Da aka zaro sandar awo aka goga a farar takarda, maimakon ja mai haske sai ga ruwan ƙasa mai duhu, ko da yake bai kai ga warin ƙuna ba. Bakaniken ya ƙi wanke giyar da injin matsi, ya ce a tsohuwar giyar da aka daɗe ba a taɓa ba, ƙarfin matsin zai iya tayar da dattin da ya kwanta ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin mai. Abin da ya yi shi ne ya kwance noti ya tsiyaye abin da ya fito, wanda bai kai rabin man ba saboda sauran yana maƙale a ciki, ya auna shi, ya mayar da sabo daidai wannan adadi kuma irin wanda aka rubuta wa motar, ya ce a hau ta na ɗan lokaci a dawo a maimaita. Ya duba lagireto don tabbatar da cewa ruwan sanyaya inji bai haɗu da man giya ba, ya auna ƙarfin ruwan ya ga zai jure sanyin da ya kai digiri 35 ƙasa da sifili, ya gwada batir, ya kuma canza man birki, wanda ke shan danshi a hankali.

Mun bar Stockholm da asuba a kan babbar hanyar E4, muka wuce Uppsala da Gävle a kan kwalta baƙa mai jiƙe da ruwan gishiri, ƙusoshin suna ta ƙara a ƙarƙashinmu. A wani gidan mai muka tsaya Yaya ya sake ɗaure notocin tayoyi, abin da ake so a yi bayan tafiya kaɗan da sabuwar ɗauri, ya kuma auna iska. Wannan awo ya zame mana al'ada kowace safiya, domin iskar taya tana raguwa da kimanin 0.1 na ma'aunin bar a duk saukar digiri 10, mu kuwa kullum cikin sanyi muke ƙara nutsawa.

Bayan Sundsvall da Härnösand ƙasar ta fara tudu da gangare, muka haye doguwar gadar Höga Kusten da aka buɗe a 1997 a kan kogin Ångermanälven, iska tana bugun motar daga gefe. Ni ke tuƙi a lokacin, kuma a nan na fara jin amfanin aikin da aka yi, domin bayan motar da a da yake lilo idan babbar mota ta wuce, yanzu yana bin gabanta ba gardama. A gangaren duwatsun yankin Yaya ya ce, "Ka sauko da giya da hannunka, ƙanina, ka bar inji ya riƙe ta, kada ka kwanta a kan birki." Na ce, "To, Yaya," na ja sandar zuwa giya ta uku, motar ta sauka a natse. Hanyar a wurare da yawa layi biyu ne a ɓangare ɗaya, layi ɗaya a ɗayan, da shingen waya a tsakiya, kuma manyan motocin dakon itace masu tsawon sama da mita 25 sukan tayar da farar ƙurar dusar ƙanƙara da ke rufe gaba gaba ɗaya. Mun gwammace mu bi bayansu daga nesa maimakon mu wuce su.

A Umeå muka kwana, kuma safiyar nan ce ta gwada giyar. Ma'aunin sanyi ya nuna ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Mun jona wayar ɗumama inji a sandar lantarkin da ke wurin ajiye motoci, kamar yadda kowa ke yi a arewacin ƙasar, saboda haka injin ya tashi bugu ɗaya, amma wannan waya ba ta ɗumama man giya. Yaya ya taka birki ya bi da sandar giya ta kowane matsayi yana ɗan dakatawa, don man ya zaga, sa'an nan muka tashi a hankali. A kilomitocin farko giyar ta riƙa jinkirin hawa sama, shokazoba ma suka yi tauri har muna jin kowane ɗan tudu a kujera. Wanda bai saba ba zai ɗauka lalacewa ce, alhali man ne ya yi kauri, kuma na'urar motar da kanta take jinkirta canjin har komai ya ɗumama. Can gaba sai ta sake, ta riƙa canzawa ba a ji.

Tsakanin Skellefteå da Piteå sitiyari ya fara karkarwa a hannuna da zarar na haura kilomita 80 a sa'a. Gabana ya faɗi, don na ɗauka wani abu ne ya kwance a ƙafar da aka yi wa aiki. Muka ratse a wurin tsayawa, Yaya ya durƙusa ya leƙa ta cikin ƙarfen taya, ya sa hannu ya ɓamɓaro wani dunƙulen ƙanƙara da ya daskare a gefe guda, girmansa ya kai dunƙulen hannu. Dusar da muka kutsa a wurin ajiye mota ce ta narke da zafin birki ta sake daskarewa, ta ɓata balansin tayar. Muka kankare tayoyin huɗu da sanda, muka kakkaɓe wadda ta cushe a saman taya har tana neman hana ta juyawa, karkarwar ta ɓace.

Daga Luleå muka ci gaba zuwa Töre, inda muka bar gabar teku muka kama hanyar E10 zuwa cikin ƙasa. Kwalta ta ɓace, titin ya zama fari fat mai ƙyalli, ba abin da ke nuna iyakarsa sai sandunan da aka kakkafa a gefe. Muka ƙetare da'irar Aktik, wato layin taswira da ke nuna farkon yankin ƙuryar arewacin duniya, rana tana ƙasa-ƙasa tana shirin faɗuwa tun da sauran yini. A wasu wurare mun ga baƙaƙen ledoji a ɗaure jikin sanduna, alamar da makiyayan al'ummar Sami ke sawa don sanar da direbobi cewa garken dabbobinsu masu kama da barewa, waɗanda ake kira reindeer, na kusa. Kafin mu kai Gällivare, a bayan wata kwana, sai ga su tsaye a tsakiyar hanya, ba su da niyyar gushewa. Yaya ne ke tuƙi, ya danne birki da dukan ƙarfinsa bai ɗaga ba, fedar tana bugun ƙafarsa saboda na'urar hana tayoyi kullewa tana aikinta, titin kuma ba sumul yake ba, yana da ƙananan kunyoyi da tayoyin manyan motoci suka bari. Motar ta tsaya a miƙe, bayanta bai juyo ba, da sauran tazara tsakaninmu da dabbar farko. Na tabbata da tsofaffin tayoyin nan da shokazobar da ke yoyo, a kan irin wannan gargada, da ba a nan muka tsaya ba.

A Kiruna, garin haƙar ƙarfe da ake ta matsar da tsakiyarsa zuwa gabas saboda ramin ma'adinin yana cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, tayoyin gaba suka nutse a dusa a bakin masauki. Yaya bai yi ta banka wuta ba, domin jujjuya taya a wuri ɗaya yana goge dusar ta zama santsi, yana kuma dafa man giya. Ya danna maɓallin hunturu da ke sa motar ta tashi da babbar giya, ya riƙa matsawa gaba kaɗan, ya taka birki har tayoyin su tsaya cak kafin ya sa ribas, ni kuma ina share gaban tayoyin da shebur, har ta fito.

Da muka dawo kudu, abin da aka fara yi shi ne wanke ƙarƙashin motar da ruwan matsi don fitar da gishiri, sa'an nan ta koma gareji. An sake tsiyaye man giya aka zuba sabo, kuma wanda ya fito a wannan karo ya fi na farko haske sosai. Robar da ke rufe gaɓar sandar juya tayar gaba ta dama ta fara tsattsagewa saboda sanyi, ko da yake giris bai fara fita ba, aka canza ta tun yashi bai shiga ya ci gaɓar ba. Tayoyin hunturun za su sauka kafin tsakiyar Afrilu, a wanke su, a rubuta wa kowacce gefen da ta fito, a ajiye su a wuri mai sanyi da duhu.