Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Aikin da ya dawo da ni Kano

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun rabu a inda na gama bautar ƙasa a Legas, na ci jarrabawar wani kamfani mai ba 'yan kasuwa da ma'aikatu shawara kan tafiyar da harkokinsu, aka ba ni takardar kama aiki a ƙarshen 2015. Da yawanku kun tambaye ni me ake yi a irin wannan wuri. Umma ma abin da ta fara tambaya ke nan a waya: "To ku me kuke sayarwa?"

Lokaci muke sayarwa. Ba mu da shago, ba mu da inji. Kamfanin da al'amura suka cakuɗe masa zai kira mu, mu shiga littattafansa, mu zauna da ma'aikatansa, mu fito masa da rahoton abin da ya kamata ya yi. Kuɗin aikin kuwa da awannin da kowannenmu ya ɓata ake lissafa shi. Shi ya sa kowace Juma'a kafin a tashi sai kowa ya cike fom a kwamfuta: Litinin awa kaza a aikin wane, Talata awa kaza a aikin wane. Awar da ba ta da kwastoman da za a ɗora wa tana nan a rubuce da sunanka, kuma za ta fito ranar da manya suka zauna tantance ƙwazonka. Wanda ya yi makonni ba a saka shi cikin wani aiki ba, ko da kullum yana ofis cikin kwat, za ka gan shi hankalinsa a tashe.

Namu kamfanin bai kai irin su McKinsey da KPMG da PwC da Deloitte girma ba, amma tsarinsu ya ɗauka. A ƙasa akwai mu, masu tattara bayanai da kwana a kan Excel. Sama da mu akwai masu haɗa rahoto, sai manaja, sai can ƙoli fatna, wato masu hannun jari a kamfanin, waɗanda su ne ke nemo kwangila. Ba a yarda mutum ya daɗe a mataki ɗaya ba. Ko ka hau cikin 'yan shekaru, ko a sallame ka cikin mutunci.

Abin da ya fi ba ni wahala a farko shi ne kiran manya da sunansu. Fatna ɗin sashenmu ya kusa sa'ar mahaifina, amma ya ce da sunansa na yanka zan riƙa kiransa. Ni da na taso a gidan da ko yayana ba na ambatar sunansa gatsau, kuma Umma har yau ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai bakina ya ƙi. Na yi ta kewayewa har ya gane, ya ƙyale ni. Sai dai a ƙarƙashin wannan ɗabi'a tasu akwai abin da nake girmamawa har gobe: a teburin taro, ƙaramin ma'aikaci yana iya cewa babba bai yi daidai ba, kuma a saurare shi, matuƙar yana da lissafi a hannu. Ban taɓa ganin haka ba a karatuna a Jami'ar Bayero, ban kuma taɓa gani a gida ba. A nan na koyi buɗe baki.

Ina zaune a Yaba, ofis yana Victoria Island, don haka da na idar da sallar asuba nake fita kafin gadar Third Mainland ta cushe. Babu masallaci a ofis. Wata babbar ma'aikaciya Bayerabiya ce ta ja hannuna a makon farko ta nuna mini ɗan ɗakin ajiye fayil inda suke shimfiɗa darduma, Allah ya saka mata da alheri. Inda abin ya fi ciwo shi ne daren Juma'a. Bayan an tashi abokan aiki kan tafi wuraren shaƙatawa inda ake shan giya, ni kuwa ba na zuwa. Ba wanda ya taɓa tsangwamata a kan haka, amma a can manajoji ke sanin yara, a can ake fara zancen wa za a ɗauka a sabon aiki. Sai ranar Litinin in tarar an riga an raba.

A farkon 2017 aka zo da aikin da ba mai iya karɓe mini shi, domin ni kaɗai ke jin Hausa a sashen. Wata masana'antar robobi ce a Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, mai yin buta da bokiti da kwanuka. Duk wanda ke kasuwanci a lokacin ya san halin da ake ciki. Tun watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kuma kayan roba na ciki. A watan Yunin 2016 aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 197 zuwa wajen 280 a hukumance, tattalin arziki ya shiga karaya. Zuwa Fabrairun 2017 dala ta haura naira 500 a hannun 'yan canji na Wapa. Mai masana'antar dattijo ne da ya kafa ta da guminsa. 'Ya'yansa da suka yi karatu a waje ne suka kira mu, saboda banki ya ce ba zai sassauta musu bashi ba sai ya ga tsari a rubuce.

Mu uku aka turo: manajana, wani abokin aiki, da ni. Dokar kamfani ita ce tawaga ta sauka wuri ɗaya, don haka ina Kano amma ina kwana a otal a Nasarawa. Umma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta huce ta hanyar aiko ƙanina da kular tuwo da miyar kuka kusan kowane dare, har manajana, mutumin Inugu, ya fara tambaya ko an kawo.

Aikina shi ne shiga cikin masana'antar. Zafi ne ke fara tarbar mutum, sai warin narkakkiyar roba, sai ƙarar injinan da ke buɗe baki su tofo buta ɗaya bayan ɗaya, yara na tsaye da reza suna kankare gefe. Shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai furfura da tabon ƙuna a bayan hannu, shi ya zagaya da ni. Muna tsaye aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya ɗauka, robar da ke cikin inji ta fara daskarewa, sai da aka ɓata lokaci ana tura ta waje dunƙule-dunƙule, aka kwashe zuwa injin niƙa. Ya ɗauki dunƙule ɗaya da tsumma ya miƙo mini, da sauran ɗuminsa.

"'Yar nan, kin ga wannan? Dala ce. A rana sai a yi haka sau nawa, babu mai rubutawa."

Na rubuta. Sai ya rage murya ya ce, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, korar mu kuka zo yi?"

Mun sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma a gaskiya ban san inda rahoton zai ƙare ba. Na ce, "Baba, ba ni ke yanke hukunci ba. Amma duk abin da ka faɗa mini zan kai shi yadda ka faɗe shi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya kai ni wurin mai kula da sito.

A wurin mai sito na ga littafin da ya fi duk abin da ke kwamfutar akanta amfani. Littafin makaranta ne mai bangon kwali, an rubuta shi da biro, wani wurin da boko wani wurin da ajami. A ciki akwai sunayen dilolin Kano da suka ɗauki kaya bashi, wasu an shafe watanni ba su kawo ko sisi ba, alhali kuɗin da za su biya yana ta zubewa a daraja kullum. A wasu shafukan kuma akwai 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram. Su faɗuwar naira riba ce a gare su: su canja sefa a Wapa, su zo da kuɗi a hannu, su cika mota. Sau da yawa sai su tarar babu kaya, an riga an bai wa masu bashi.

Yadda ake aiki a irin kamfaninmu shi ne a fara da hasashen amsa, sannan a nemi lissafin da zai tabbatar da ita ko ya rushe ta. Hasashen da muka taho da shi daga Legas shi ne ma'aikata sun yi yawa. A daren nan na baje wa manajana lissafi a teburin otal: albashin ma'aikata gaba ɗaya ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ɗanyar roba da dizal, kuma ramin da ya fi zurfi shi ne bashin diloli da asarar ɗauke wuta. Muka yi ta ja har tsakar dare. Mutumin kirki ne, ya sake gina rahoton daga tushe, ya sa maganar bashi a gaba. Amma rage ma'aikata bai fita ba. Ya ce banki yana son ganin wannan layin, idan babu shi ba za su ɗauki sauran da muhimmanci ba. Ban yarda da shi ba a ranar, kuma har yanzu ban yarda ba, ko da yake na san ya fi ni sanin bankuna.

Ranar gabatar da rahoto fatna ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da safe. Alhaji, mai masana'antar, yana jin Turanci sarai, amma ya ce in riƙa fassara masa, ina jin don ya samu lokacin tunani. Ya saurari shafukan PowerPoint ɗaya bayan ɗaya bai katse kowa ba. Ya amince a riƙa sayen ɗanyar roba daga Eleme ta wajen Fatakwal gwargwadon abin da za a samu. Ya amince a haɗe aikin injina cikin lokutan da janareta zai yi aiki cike, maimakon a kunna shi don inji biyu. Ya amince a ware wa 'yan Nijar kasonsu. Da fatna ya zo kan shawarar a daina ba dilolin da ake bi bashi kaya, sai Alhaji ya juyo gare ni.

"'Yata, gaya masa. Wannan da ya ce in hana shi kaya, mahaifinsa ne ya ba ni bashi ranar da ba ni da kowa. Zan sa masa iyaka, amma ba zan rufe masa ƙofa ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fassara. A kan ma'aikata kuwa magana ɗaya ya yi: azumi na tafe, ba zai sallami kowa ba, a dawo masa da zancen bayan salla idan har lissafi bai gyaru ba. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai, ransa a ɓace.

A mota fatna ya ce Alhaji ya biya likita ya ƙi shan rabin magani. Na fahimci damuwarsa, domin duk wanda ya zagaya Sharaɗa da Challawa da Bompai ya ga ƙofofin masana'antu da suka yi tsatsa a rufe, kuma tsoron da 'ya'yan Alhaji ke ji ke nan. Amma ni a ganina dattijon ma lissafi yake yi. Dilolin nan su ne suka riƙe masa kasuwa shekara da shekaru, kuma mutumin da ya san kukan kowane inji ba a samun irinsa da tallar neman ma'aikata. Na faɗi haka a motar, da muryata tana rawa. Fatna ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta masa shi a shafi ɗaya kafin jirginsa ya tashi. Na rubuta a kan cinyata a harabar filin jirgi.

Da lokacin tantance ƙwazo ya zo, manajana ya rubuta cewa na iya samo bayanin da wasu ba sa iya samowa, ya kuma rubuta cewa ina kusantar ma'aikatan kwastoma fiye da kima. Duka biyun suka shiga fayil ɗina. Aka ƙara mini mataki, aka kuma ce in shirya komawa Abuja, inda kamfanin ya samu aikin tantance ma'aikatan wata hukuma. Na kira Umma in yi mata albishir, sai ta ce in dakata, Baffa ya zo gida jiya da wata magana a kaina, kuma ba a waya za a yi ta ba. Daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.