Abin da na gani a gidan sufaye na hamadar New Mexico

Tun kafin ka isa ma wajen ya fara gwada ka, dan daga kwalta sai ka yi kusan kilomita 21 a hanyar burji kana bin gefen kogin Chama, in an yi ruwa taɓo ne zalla, sabis ɗin waya kuma tun a hanya yake ɗaukewa. Sunan gidan Christ in the Desert, a Amurka yake, sufayen Kirista uku masu bin ƙa'idar Waliyi Benedict suka kafa shi a 1964, wutarsu ma ta sola ce.

Ƙarfe 4 na asuba ake shiga coci, ga sanyi kamar me, hamada ce amma kan tudu take. Zabura suke rerawa, ɓangare ɗaya su ja ɗayan su amsa, a sati guda sai sun sauke duka 150 ɗin. Wajen cin abinci ba magana, burada ɗaya, wato ɗaya daga cikin sufayen, na karanta littafi kowa na ci, har sai da na lura ba ka ma buƙatar roƙon gishiri, na kusa da kai idonsa na kan farantinka, kafin ka ɗaga hannu ya turo maka.

Ni dai ba shirun ne ya ba ni wuya ba, ƙararrawa ce. Bayan Misa, wato babbar ibadar coci, aka ba ni fartanya in cire ciyawa tare da wani dattijon burada, aiki ya yi daɗi, saura kaɗan in ƙarasa kunyar sai ga ƙararrawa, bawan Allahn nan ya jingina fartanyarsa a nan inda take ya kama hanyar coci ko waiwaye bai yi ba. Raina ya ɗan sosu gaskiya, mu da muka saba da bari in ƙarasa wannan tukuna. Amma ai na san abin tun a gida, haka maƙwabtanmu musulmi ke barin shago in an kira salla, nan dai sau da dama ne a yini banda ta asubar. Washegari muka dawo muka ɗora daga inda muka tsaya, ba wanda ya tambayi kunya nawa na yi.

In za ka je ka nemi ɗaki tun da wuri, ka cika tankin mota, ka riƙe tocila da rigar sanyi mai kauri, dan daga masaukin baƙi zuwa coci akwai ɗan tattaki kuma a duhu za ka yi shi.