Allura ta shige min ƙafa ban ji ba

Ni tela ne, shagona yana Aboabo nan Kumasi. A 2021 aka ce min ina da ciwon suga, gaskiya ban yi mamaki ba, dan mutumin da zai karya da koko mai suga cokali huɗu, da rana waakye (shinkafa da wake) da lemun kwalba mai sanyi, da dare kuma majalisar ataya har zagaye uku, ai kun san yadda ake zuba suga a ataya kamar ana gaba da shi. Fitsari ne ya tona min asiri, sai in tashi sau biyar cikin dare, ga ƙishi ga rama. Da safe ban ci komai ba na je asibiti aka soki yatsana, mashin ya nuna 13.4, nas ɗin ta ce Baba daga 7.0 ma ciwo ne fa.

Suka bani maganin suga metformin, wata uku na ji garau sai na ajiye. Wani abokina ya ce ɗaci ke kashe zaƙi, na koma shan ruwan shuwaka ina ci gaba da atayata, wai ni mai wayo. Kusan shekara biyu a haka. Tafin ƙafata ya riƙa yi kamar tururuwa na yawo ciki, da dare zafi kamar na taka garwashi, daga baya abin ya yi shiru har nake cewa alhamdulillahi na warke. Ashe jijiyoyin ne suka mutu.

Ana saura kwana uku sallah muka kwana ɗinki, ni kuma ba na son takalmi in ina taka keke. Da na koma gida na yi asuba, uwargida ta zo naɗe darduma ta ce "Maigida wannan jinin fa daga ina?" Muka duba, karyayyiyar allura ce ta shige dunduniyata, wallahi ko cizon sauro ban ji ba. Ciwon da bai kai ƙwayar wake ba sai da ya cinye min wata biyu da rabi ana wanke shi, ya yi ruwa ya yi wari, kayan mutane na jibge a shago. A layin wankin ne na zauna kusa da wani dattijo an cire masa ƙafa daga gwiwa, ya ce min ɗana, nawa daga ƙaramin yatsa ya fara. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Dokta ya zaunar dani ya ce suga in ya daɗe sama ƙananan hanyoyin jini yake ci a hankali, na ƙafa da na ido da na ƙoda, shi yasa ciwo ba ya warkewa da wuri, wasu su makance wasu su ƙare a wankin ƙoda. Ya sa aka duba min bayan ido da fitsari, ya rubuta wani gwaji HbA1c da ke nuna sugan wata uku baya, wannan kam ba a masa dabarar ƙin cin abinci jajibirin zuwa asibiti, da ni gwani ne a nan. Ya ce hukumar lafiya ta duniya cewa tayi kar babba ya wuce giram 50 na suga a rana, wajen ƙaramin cokali 12, gwangwanin Coca-Cola ɗaya kuwa yana da giram 35.

Yanzu magani safe da dare, katin inshorar lafiya na NHIS da danna *929# a waya nake sabunta shi. Na sayi maganaɗisu yaro na bin ƙasan shago dashi kullum, takalmi ba ya barin ƙafata, kafin in kwanta in sa madubi in duba tafin har tsakanin yatsu. Majalisa kuwa ban daina zuwa ba, sai dai a tsiyaya min nawa kafin a zuba suga, suna ta tsiya wai Alhaji ya koma shan maɗaci. Dunduniyar dai har yau ba na jin sanyin ruwan alwala a wajen.